Sufeto ya tsinka ni a gaban ɗalibaina, koyarwa ta fita daga raina

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin Lissafi ne a wata sakandaren gwamnati ta maza a cikin birnin Kano, shekarata 11 ina koyarwa, aji biyar nake ɗauka. Mako uku da suka wuce jami'an duba makarantu suka zo mana. Ɗaya daga cikinsu ya shigo ajina na SS2 mai ɗalibai 94, ina cikin koyar da logaridim. Bai fi minti 12 ba a ciki. Ya karɓi lesin not ɗina, wato rubutaccen shirin darasi, ya ga ba a sa masa hannu ba, ya ɗauki littattafan yara biyu ya ga ban duba aikinsu ba, nan take a gaban yaran ya ce da irinmu ne ilimi ya lalace. Washegari firinsifal ya karanta rahoton a taron malamai, har da sunana, wai ba na iya riƙe aji kuma ina yawan Hausa. Tun daga ranar gwiwata ta yi sanyi. Ina shiga aji ne kawai don kada a ce ban shiga ba, barci ma sai a hankali. Yayana yana da shago a Kantin Kwari, ya ce in ajiye aikin in zo mu haɗu. Me kuke gani?

Malamin Lissafi, Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya huci zuciyarka. Abin da jami'in nan ya yi a ajinka kuskure ne, ko da duk abin da ya gani gaskiya ne. Malamin da ke tsaye gaban samari 94 ba shi da wani makami sai kwarjini, in aka zubar masa da shi a gabansu, to an ɓata aikin da aka zo gyarawa. Mai duba darasi shiga yake yi ya zauna a baya, ya yi shiru har a kaɗa ƙararrawa, sannan ya keɓe da malamin. Karanta sunanka a taron malamai ma bai dace ba. A taro matsalar da ta shafi kowa ake faɗa, ta mutum ɗaya kuwa ofis ake kiransa.

Sai dai fa, Malam, cikin abubuwan da aka ɗora maka akwai biyu da kai kanka ba ka musanta ba: not ba sa hannu, littattafan yara ba jan biro. Kada zafin cin fuskar ya sa ka haɗa su da sauran ka watsar.

Sanyin gwiwar da kake ji ba ragwanci ba ne, abu ne da masu nazarin halayyar ma'aikata suka daɗe da sani. A 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan abin da ke faruwa idan aka gaya wa mutum yadda aikinsa yake. Suka tarar cewa a dunƙule hakan yana ƙara ƙwazo, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku, aikin baya ya ci. Bayaninsu shi ne, da zarar maganar ta ɗauke hankalin mutum daga kan aikin ta mayar da shi kan kansa, sai ƙarfinsa ya tafi wajen kare mutunci, gyara kuwa ya tsaya. "Da irinku ilimi ya lalace" magana ce a kanka. Ba ta da inda za ka kama ta, ba abin da za ka yi da ita ranar Litinin da safe. "Littattafai biyun da na ɗauka rabon da a duba su tun mako na uku" magana ce a kan aiki. Tana da ciwo, amma ka san abin yi. Duk shawarar da za mu ba ka a nan tana komawa ga abu guda: ka matsa wa kowace magana irin ta farko har sai ta koma irin ta biyu, ko da wanda ya faɗe ta bai yi niyyar haka ba.

Tun da Lissafi ne sana'arka, auna wannan. Aji biyar, a ce darasi huɗu kowanne a mako, darasi 20 ke nan. A ce mako 30 ne ake koyarwa sosai a shekara in an cire na jarrabawa da na bita: darasi 600, kowanne minti 40, minti 24,000. Jami'in ya ga 12. Kashi ɗaya cikin 2,000 na aikinka na shekara ya gani, kuma a lokacin da baƙo ya shigo yara suka rikice. Wani babban bincike da gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ɗauki nauyinsa a Amurka, da malamai wajen 3,000, wanda aka fitar da rahotonsa na ƙarshe a 2013, ya nuna cewa kallon darasi ɗaya daga mutum ɗaya ba ya isa a dogara da shi, sai an maimaita kuma an canza masu kallon. Minti 12 sun isa a ga ko an sa hannu a takarda. Ba su isa a yanke hukunci a kan shekara 11 ba.

Abu na farko da za ka yi, ka gano me aka rubuta kuma a ina aka rubuta shi, domin malamai da yawa suna kwana da fargabar abin da bai taɓa shiga fayil ɗinsu ba. Faɗan baki daban, rahoton ziyara da ake bar wa makaranta daban, takardar tuhuma, wato kweri, daban, takardar gargaɗi daban, fom ɗin APER na auna ƙwazon ma'aikaci shekara-shekara kuma daban. Ukun ƙarshen nan su ne ke bin ma'aikaci har wajen ƙarin girma. A wasiƙarka ba ka ce an ba ka kweri ba, don haka da alama abin bai wuce rahoton ziyara ba. In daga baya aka ba ka, kada ka ƙi karɓa kuma kada ka bari wa'adin da aka rubuta a jikinta ya wuce, ko awa 24 ne, ko 48, ko 72. Ka amsa a shafi ɗaya: abin da ya faru da kwanan wata, abin da ka amince kuskurenka ne, abin da ya fi ƙarfinka da adadinsa, sai matakin da ka riga ka ɗauka. Ban da zargin kowa, ban da labarin albashi. Ka yi kwafi biyu, a sa maka hannu da kwanan wata a kan naka, ka adana a gida. Kafin ka miƙa, wakilin ƙungiyar malamai ta NUT ko wani dattijon malami da ka yarda da shi ya karanta maka, domin mai fushi ba ya jin kaifin kalmarsa.

Daga nan sai ganin firinsifal. Mako uku sun isa zuciya ta ɗan kwanta, kada ka ƙara jinkiri. Ka zaɓi lokacin da ofis ya yi sauƙi, kamar bayan an dawo daga tara, kuma kai kaɗai. In ka tafi da abokai biyu ya zama ƙorafin taro, shi ma sai ya ɗaura ɗamarar kare kansa. In ka san mai zafi ne, ka bi ta wajen mataimakinsa mai kula da harkar karatu. Abin da za ka faɗa bai wuce haka ba: "Yallaɓai, na ji abin da aka karanta, kuma ina so in gyara. Ina roƙon a nuna mini sashen da ya shafe ni. Da aka ce ba na riƙe aji, me aka gani da ido: surutu ne, shige da fice ne, ko kwanciya a kan benci? Wanne kake so in fara da shi? Yaushe wani zai shigo ya sake dubawa?" Ka je da biro da takarda ka rubuta amsar a gabansa. Sau da yawa za ka tarar ba wanda ya san takamaiman abin da aka gani, jimlar ce kawai aka saba rubutawa. In haka ne ka sami sauƙi a ranka, amma kada ka yi masa dariyar ƙeta. Ka ce to a turo wanda zai zauna cikakken darasi ya faɗa maka. Maganar cin fuskar kuwa ka bar ta sai ƙarshe, jimla ɗaya, murya ƙasa: "Yallaɓai, in an sake samun irin wannan, ina roƙon a kira ni ofis." Wanda ya fara da neman gyara, ba a iya ce masa mai taurin kai in ya rufe da wannan.

Batun takardu shi ne mafi sauƙi, a mako ɗaya za ka rufe shi. Masu duba makaranta abu huɗu suke jerawa su gani ko sun yi daidai: sikim, wato jadawalin darussan zango, lesin not, dayarin abin da aka koyar, da littafin ɗalibi. In sikim ya ce mako na shida logaridim, not ɗinka ya nuna haka, dayari ya tsaya a mako na huɗu, littafin yaro kuma yana kan wani babi daban, to ko darasinka ya yi kyau sun sami abin rubutawa. Ka riƙa cika dayari a ƙarshen kowane mako, minti goma ne. In ka makara a sikim saboda hutu ko wani taro, ka rubuta dalilin a gefen makon. Not na mako mai zuwa ka miƙa shi ranar Alhamis, domin Juma'a gajeruwar rana ce, wanda zai sa hannu yana iya fita ba ku haɗu ba. In matsalar daga shugaban sashe take, kana kaiwa ba ya sa hannu, ka buɗe ƙaramin littafi: ranar da ka miƙa, ranar da aka dawo maka, sa hannun wanda ya karɓa. Ranar da aka sake tambaya, littafin zai yi magana. A cikin not ɗin kuma ka lura da manufar darasi. "Ɗalibai su fahimci logaridim" ba a iya auna ta. "A ƙarshen darasi ɗalibi ya iya ninka lamba biyu ta amfani da fofiga (littafin teburin logaridim), ya ci biyu cikin tambaya uku" ana iya auna ta, kuma tambayoyin da za ka rufe darasi da su dole su zama su ne ainihin ukun nan.

Duba aikin yara kuwa, a nan ne gaskiyarka da kuskurenka suka cakuɗe. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Kai kana da 94 a aji guda. Aji biyar masu kusan 90 littafi 450 ne, in kowanne ya ci minti biyu, minti 900 ke nan, awa 15 a kan aiki ɗaya tak. Ba mai iya wannan kullum, duk wanda ya ce yana yi, tik yake jerawa bai karanta ba. Amma don ba za a iya duba duka ba, ba hujja ba ce a bar duka. Ka raba ajin gida shida, kusan yara 16 a kowane rukuni, ka rubuta sunayensu a takarda ɗaya da ka liƙa a bangon not ɗinka. A kowane darasi rukuni ɗaya ne naka: littafi shida ka duba su kana zagayawa lokacin da suke aikin aji, goma ka tafi da su ofis. Tambaya ɗaya za ka bi layi-layi, wadda ta fi nuna ko yaro ya gane, minti ɗaya ya ishe ta. Ka sa jan biro, kwanan wata da sa hannu, ka kuma ja layi a daidai inda lissafin ya karkace, ba ƙatuwar alamar kuskure a ƙasa kawai ba. Sauran ajin su yi musayar littafi da na kusa da su, kai kana warware amsar a allo, su duba da fensir. A darasi shida, mako ɗaya da rabi, kowane yaro ya ga jan bironka, kai kuma ba ka kashe fiye da minti 40 a rana ba. Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne yara su gane ranar rukuninsu, su riƙa yin aiki a ranar kaɗai. Saboda haka kada ka bi jeri. Sai an gama aiki za ka faɗi rukunin da za ka karɓa. Kuma ka sanar da mataimakin firinsifal tsarin a rubuce, don in baƙo ya ɗauki littafin da ke da fensir a shafin jiya, a nuna masa jan biro a shafin makon jiya.

Yanzu "ba ya iya riƙe aji". Wannan ita ce jimlar da ta fi cin rai domin ba ta da iyaka, kuma ita ce ta fi buƙatar a farfasa ta. A darasin logaridim tambayar farko ita ce, fofiga nawa ne a ajin ranar? In goma ne a hannun yara 94, to tamanin ba su da abin yi sai kallon ƙeyar na gaba, kuma saurayin da ba shi da abin yi surutu zai yi ko wane ne malamin. Ka yi hoton shafukan da ake buƙata kwafi 24, ɗaya ga kowane yara huɗu, ka sa musu lamba, monita ya raba ya kuma tattara. Ka nemi makaranta ta biya, a rubuce. Ko ba a biya ba, takardar neman ta zama shaida. Bayan wannan, wurare uku ne aji mai yawa ya fi ɓallewa. Minti biyar na farko, lokacin da malami ke neman alli ko kiran suna: ka shiga da tambaya ɗaya daga darasin jiya, ka rubuta ta kafin komai, su kama aiki. Lokacin da ka ba su baya kana rubutu: kada ka wuce layi uku ba ka juyo ba. Sai kuma bayan aji, inda ƙafarka ba ta zuwa saboda benci ya toshe hanya: ka sa a buɗe siririyar hanya a tsakiya ko da za a matsu, ka isa bango na baya aƙalla sau biyu a kowane darasi. Minti 40 ɗin ka raba su kamar haka: biyar na tambayar farko, 12 na bayani da misali biyu, 15 na aikinsu kana zagayawa, sauran na warwarewa da aikin gida. In bayaninka ya haura minti 20 a jere, ka rasa rabin ajin ko da sun yi tsit.

Wajen tambaya ma akwai dabara. Ka faɗi tambayar tukuna, ka yi shiru, sannan ka kira suna. In ka fara da suna, 93 sun huta. Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta gano tun a farkon shekarun 1970 cewa malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira bayan sun yi tambaya, kuma in jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi suna ƙara tsawo, masu amsawa suna ƙaruwa. Ka ƙirga uku a zuci. Da farko shirun zai yi maka nauyi.

Zancen yawan Hausa ba za mu daɗe a kansa ba. Yaron da bai gane ba, in jimla biyu ta Hausa za ta buɗe masa kai, a yi masa. Amma WAEC da NECO da Turanci za su tambaye shi. Duk abin da ke allo ya zama Turanci, bayani ya fara da Turanci, Hausa ta shigo a inda aka cije, a koma Turanci, yaro kuma ya ba da amsa da Turanci.

Kana buƙatar shaida wanda ba kai ba. Ka roƙi abokin aiki ɗaya, ba lallai na Lissafi ba, ya zauna a bayan ajinka cikakken darasi sau uku a cikin mako uku. Kada ka ce ya gaya maka ko ka iya, kunya za ta sa ya ce ma sha Allah. Aikin ƙirga za ka ba shi: ya zana taswirar benci ya sa ɗigo a duk inda ka jefa tambaya, kowane minti biyar ya ƙirga yara nawa ne ba sa kan aiki, ya kuma rubuta minti nawa ka yi kana magana. Takardar farko za ta iya ba ka kunya, yawanci ɗigon a layi uku na gaba yake taruwa. Ta uku ita za ka kai wa mataimakin firinsifal, ka gayyace shi ya zo da kansa, ya rubuta abin da ya gani, a sa a fayil. In kana so ka ji kanka, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara a gida. Bidiyon ɗalibai kuwa kada ka ɗauka ba da izinin makaranta ba.

Akwai abin da ya fi rahoton haɗari a cikin wasiƙarka, shi ne inda ka ce shiga aji kawai kake yi. Haka karyewar gwiwa take aiki a makaranta: ba a daina zuwa, sai dai a shiga a makare a fita da wuri, a ba monita not ya kwafa a allo, a daina tsayawa wa yaron da ya biyo ka da tambaya. Minti goma a kowane darasi, sau 20, minti 200 ne a mako, cikakkun darussa biyar sun tafi. Yaran nan na SS2 su ne masu zama jarrabawar kwalifayin, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnatin jiha ke biya wa kuɗin NECO. In ka ci gaba a haka har zango ya ƙare, rahoton da bai yi maka adalci ba a watan jiya zai zama gaskiya, kuma da hannunka. Game da yaran da aka yi abin a gabansu, kada ka tayar da zancen, kada ka zagi jami'in a aji, kada kuma ka huce a kansu da bulala. Samari suna mantawa da abin da baƙo ya faɗa in malaminsu ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ba sa mantawa shi ne su ga ya canza. A ofishin malamai ma ka rage maimaita labarin, kowace maimaitawa sabon ciwo ce. Facebook da zauren WhatsApp na malamai kuwa ka kiyaye su gaba ɗaya, rubutu ɗaya cikin fushi yana iya jawo kwerin da ziyarar ba ta jawo ba.

Fom ɗin APER shi ne inda za ka sa ido a ƙarshen shekara. A tsarin aikin gwamnati, ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara uku yake yi kafin ya cancanci ƙarin girma, kuma rahotannin shekarun nan ake dubawa. Fom ɗin a buɗe yake: kai ke cika sashen ayyukanka, na sama da kai ya ba da maki, a nuna maka, ka sa hannu cewa ka gani, kuma kana da damar rubuta rashin amincewarka. Kuskuren da aka saba yi shi ne malami ya sa hannu a fom ɗin da ba a cika ba ya miƙa, ko a tara na shekara uku a cika su rana ɗaya lokacin da ƙarin girma ya zo, da abin da aka iya tunawa. Abin da ake tunawa kuwa shi ne ranar da sufeto ya yi faɗa. Ka cika naka a kan lokaci da adadi: aji nawa, ɗalibai nawa, darasi nawa a mako, sakamakon gwajin farkon zango da na ƙarshensa. Ka ajiye kwafi.

Shugabannin makarantu da ke karanta wannan shafi, ga taku. Tun da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ido yana kan makarantu, kuma kowane shugaba yana so a ga yana tsawatarwa. Amma in aka kunyata malami ɗaya a taro, sauran ba gyara suke koya ba, ɓuya suke koya: not ya yi kyau, aji ya mutu. Ku ga malami cikin kwana biyu da duba shi, ku biyu kawai, minti 15 zuwa 20. Ku fara tambayarsa yadda shi ya ga darasin, sau da yawa da bakinsa zai faɗi rabin abin da kuka rubuta. Ku faɗi abin da kuka ƙirga, ku tsaya a gyara ɗaya ko biyu, ku sa ranar dawowa, kuma ku dawo. Abin da ba laifinsa ba, kamar yawan ɗalibai da rashin benci, ku rubuta shi a sashen makaranta, kada ya hau kansa. Yabo ma yana da nasa sharrin: in kowa "ya yi ƙoƙari", kowa maki ɗaya a APER, to mai ƙwazon ya gane ba wanda ke kallo, shi ma sai ya sassauta.

Rashin barcin mako uku ba abin rainawa ba ne, Malam. Ka je a auna maka jini. In ya haɗu da rashin cin abinci, ko ka ji komai ya fita daga ranka har a gida, ka gaya wa likita kai tsaye kamar yadda ka gaya mana. A kowane babban asibiti za a iya farawa, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke kula da irin wannan. Ka kuma gaya wa iyalinka abin da ke damunka, kada su yi ta zargin kansu.

Kwari kuwa ba mu ce kada ka je ba, mun ce kada wannan ziyarar ta zama ita ta kai ka. Ka ba kanka zango ɗaya cikakke kana bin abin da muka faɗa. In ya ƙare har yanzu ranka ba ya son alli, ka fara gwada neman canjin makaranta ta hannun firinsifal zuwa ofishin shiyya, domin wani lokaci wurin ne ya ishi mutum ba aikin ba. In kasuwar ce dai, ka yi amfani da hutu ka zauna a shagon ka ga cinikin watan da ba na sallah ba, ka tambayi hukumar fansho abin da shekara 11 za su ba ka da abin da za ka rasa. Ka sani kuma dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, noma kaɗai aka ware, don haka ba za ka riƙe biyun a hukumance ba. In za ka tafi, ka rubuta takardar ajiye aiki ka ba da wa'adin da ƙa'ida ta tanada, kada ka ɓace kawai, domin wanda aka kora saboda ƙaurace wa aiki yana iya rasa haƙƙoƙinsa. Da yayanka kuma ku yi magana a fili: albashi zai riƙa ba ka ko kaso a riba, nawa ne, wa ke ɗaukar asara, kuma me zai faru in ɗayanku ya so rabuwa. A rubuta, da shaidu biyu, tun kafin ka kwance dila ta farko.